Tukwanen Kufai da Sunan Uban Ɗiyana

Bana damina talatin da takwas ke nan da aka kai uban ɗiyana makwancinsa, a ƙauyenmu da ke gabas da Tabla. Da damina nake ƙirga masa shekaru, don manomi ne, kuma abin da ya same shi a duniya wajen shuka ya same shi. Ni ban san baƙi ba, na malam ko na nasara. Jikata Ramatu ce ke riƙe da alƙalami don a kai jarida, na kuwa ce mata ta sa magana yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliya. Abu ɗaya ne ba za ta rubuta ba, shi ne sunansa. A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, yana raye ko ya mutu. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa har ranar da aka fitar da shi, "kai" nake ce masa. In ina maganarsa in ce "shi", kowa kuma ya san wanda nake nufi.

Littafi da jariri ne suka buɗe mani baki bana.

Jikana Isuhu malamin lakwal ne, makarantar boko, a Filingue, a gidansa nake zaune yanzu. Bara ya je Yamai ya dawo da wani tsohon littafi na Faransanci, bangonsa ya sha hannu, an zana mutum riƙe da fitila a bakin rami. Ya ce, "Kaka, kakanmu na cikin wanga littafi." Na ce masa, "Kakanku na cikin ƙasa, a gabana aka fita da shi." Ya yi dariya ya jawo tabarma. Duk bazarar nan, in la'asar ta yi, sai ya zauna ƙarƙashin rumfa yana karantawa yana juya mani da Hausa.

Littafin na wani nasara ne da ya zo ƙasarmu tonon kufai, 'yan shekaru kafin nasara su sauka daga mulki. Ya koma ƙasarsu ya tsara labari a kan abin da ya gani da abin da bai gani ba. Cikin labarin akwai ɗan jagora mai suna Arzika, jarumi, mai amana, wanda ya ba da ransa don ubangidansa ya tsira. Wai shi ne maigidana. Tun da aka gama karatun nan yaran gidan suka kama cewa "kakanmu Arzika". Da aka fara yankan hatsi matar Isuhu ta haifi namiji, sai Isuhu ya ce Arzika ne sunan da za a raɗa wa yaro. Na tambaye shi, in kakan nasa yake son tunawa, me ya hana shi sunan kakan na gaskiya? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, kin san abin da tsofaffin ƙauye ka faɗi in an ambaci sunan nan. Ba ni so a bi ɗana da shi."

Na sani. Shi ya sa na zaunar da shi na faɗa masa yadda aka yi, shi ne kuma zan maimaita muku.

Arewa da ƙauyenmu, inda kwarin dallol ya jingina da dutse, akwai kufai. Ba namu ba ne. Kakanninmu Kurfayawa sun zo sun tarar da shi kufai, suka bar shi yadda suka gan shi. In ruwa ya yi ƙarfi ya wanke tudu, sai ka ga gindin manyan tukwane a kife sun leƙo daga ƙasa. Mun san mutane ne kwance ƙarƙashinsu, amma ba mu san ko su wane ne ba. Masu gida muke ce musu. Kowace shekara, in ruwan shuka ya sauka, ba mai sa sungumi a ƙasa sai tsoho Gado, mai kula da tsafin gari, ya je can ya zuba musu gumba. Sannan a buga ganga, gari duka ya fita rana ɗaya, maza na sara, mata da yara na bin su da iri suna rufewa da diddige. Musulmin cikinmu ba su zuwa wurin gumba, amma su ma ba su riga ganga fita gona.

Akwai kuma doka, kowane yaro ya san ta. Wanda ya buɗe wurin masu gida, ko da kuskure ne, da hannunsa zai mayar da abin da ya fitar, ya rufe, sannan a wanke shi. Kafin ya yi haka ba ya shiga shukar gari.

Nasaran ya zo da rani, cikin mota, da tafinta da dogarin kumandan, nasaran da ke mulki a Filingue. Dogo ne, rana ta gasa shi ya yi ja, ba ya tsawa kamar sauran. Muka sa masa Mai Tsintsiya, don da 'yar tsintsiya yake share ƙasa a hankali, kamar mace mai neman ɗan kunnenta. An ce lokacin an hana aikin dole, amma in dogari ya tsaya ƙofar gari ba a tambayarsa wace doka ake ciki. Dattawa suka haɗa baki, a ba baƙo ruwa, a ba shi kaji, in ya tambayi kufai kowa ya ce bai sani ba. Kowa kuwa ya ce bai sani ba, sai mutum ɗaya.

Isuhu ya so in ce tilasta masa aka yi. Ba a tilasta masa ba. Wasu a ƙauye sun ce kwaɗayi ne. Ni ke dafa abin da ya shigo da shi gida, ban ga abin kwaɗayi ba. Mutum ne dai da ba ya iya barin abu a rufe. In ya ji kukan tsuntsun da bai sani ba, sai ya jingine hauya ya bi shi. Ya taɓa bin ayarin gishiri daga kasuwar Baleyara har ya yi nisa, don kawai ya ga yadda suke ɗaure kaya. Tun yana kiwon awaki a gefen kufan nan yake son ya san su wa ke ciki. Ranar da zai tafi na tsaya masa ƙofar ɗaki da taɓarya a hannu na ce, "Kai, ina za ka?" Ya ce, "Za ni in gaida masu gida. Shekara da shekaru muna ba su gumba ba mu san huskarsu ba." Na ce, "In an buɗe fa?" Ya ce, "Wanda ya buɗe ai shi ka rufewa. Ya gani, mu gani, a mayar."

Kuskurensa ke nan, kuma har yau ban ga laifin hankalinsa ba. Bai taɓa jin an tone kabari an tafi an bar shi a buɗe ba. Bai tambayi nasaran ko zai mayar ba, yadda ba ka tambayar baƙo ko zai miƙo maka ƙwaryar da ya sha ruwa. Shi ma nasaran, ina jin, bai taɓa kawowa a ransa akwai mai jiran a mayar ba.

Dogari ya kawo 'yan tono daga wasu garuruwa, aka yi ta aiki har zafi ya tsananta. A kwanakin nan ban taɓa ganin maigidana cikin farin ciki kamar haka ba. Yakan dawo jikinsa duk ƙasa, ya ƙi wanka sai ya gama ba ni labari. Ya ce tukwanen wasu sun kai ƙirjin mutum, wasu an ƙera musu 'yar fuska a jiki, da tsaga amma ba irin tamu ba. Ƙarƙashinsu ƙasusuwa ne, da duwatsun wuya, da mundayen ƙarfe da tsatsa ta cinye, da bakin kibiya. Ya ce, "Mutane ne irinmu. Akwai wata tsohuwa, haƙoranta sun cinye kamar na innarki. Su ma hatsin dutsen niƙa suka ci." Ya ce akwai wata 'yar tukunya ta yaro da aka kife daf da ta uwarsa. Ranar bai ci tuwo ba.

Sai wata safiya ya je ya tarar ana cusa ciyawa cikin akwatuna, ana sa tukwane da abin da ke ƙarƙashinsu, ana ɗorawa a mota. Ya tambayi tafinta yaushe za a dawo da su. Tafinta ya dube shi ya yi dariya, bai ma juya maganar ba. Mai Tsintsiya ya kama hannunsa ya girgiza, ya cire malafarsa ya ba shi, mota ta tashi ta nufi Yamai. Malafar nan ya rataye ta a gindin rumbu bai taɓa sa ta ba. Daga baya kaza ta yi ƙwai a ciki.

Tsoho Gado bai tsine masa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ni ban kore ka ba. Mayar da abin da ka hitar, in wanke ka yau." Maigidana ya ɗauki hauya da masaki, ya cike ramukan nan shi kaɗai, rami bayan rami. Ya je wurin mata masu ginin tukwane aka gina masa sababbi manya, ya kai ya kife su, ya rufe. Gado ya zo da sandarsa ya zagaya wurin, ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Tukunya ka mayar. Mai tukunyar fa?" Maigidana ya taka har Filingue ya zauna ƙofar ofishin kumandan, ba sau ɗaya ba. Abin da ya samo kawai shi ne akwatunan sun ƙetare teku.

To, daga nan haka aka yi ta yi. Ruwa ya sauka, Gado ya zuba gumba, ganga ta tashi, gari ya fita. Shi yana zaune ƙofar gida yana gyara ƙotar sungumin da ba abin da ya same ta. Kashegari mu fita, ni da shi da ɗiyanmu, gonaki shiru ba kowa. Wanda ya san yashin ƙasarmu ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa danshi. Hatsinmu kullum yana bayan na mutane, rumbunmu bai ƙara cika ba. A shekarar farko ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, mutane suka ce masu gida ne suka yi fushi. Ya ɗauke a Tabla, ya ɗauke a Baleyara, inda ba wanda ya tone komai, amma ba a kawo wannan cikin hira. Sunansa ya zama abin tsawata wa yara. In yaro ya cika buɗe-buɗen tukwanen uwarsa sai a kira shi da shi. Bai yi tsawon rai bayan haka ba. Sanƙarau ya shigo da bazara ya ɗebi mutane da yawa, har da babban ɗan Gado da bai taɓa ƙasar kufai ba, ya haɗa da shi.

Wannan shi ne mutumin. Saura littafin.

Ba zan ci haƙƙin nasaran ba, ya iya jan labari. Ni na san wannan sana'a, na yi wa ɗiya da jikoki tatsuniya har muryata ta tsufa. Ya san inda zai tsaya ya bar ka da ƙishi. Ranar da Isuhu ya rufe littafi daidai inda igiya ta fara tsinkewa da mutum cikin rami, na ce masa in bai buɗe ba ba zai sha fura ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa da kujerunsu. Kuma mutumin yana da ido. Ya faɗi yadda dutsen dallol ke yin ja in rana ta karkata, da yadda igiyar guga ta ci itacen bakin rijiya, da ƙamshin ruwan farko a kan yashi. Da ya zo kan tukwanen sai ya sassauta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, har na ga fuskokin nan da ban taɓa gani ba sai a bakin maigidana. Akwai kuma wurin da ya ce ɗan jagoran na tafiya da sanda gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, kuma ba ya amsa tambaya sai ya yi ɗan tsaki ya dubi sama. Da aka karanta wannan na tashi na shiga ɗaki na daɗe. Na ɗauka ni kaɗai na rage da wannan tsakin a duniya.

Amma ƙarya ta yi yawa, kuma ba duka ce ta yi wa labarin amfani ba. Tsatsa da ƙashi ba su ishe shi ba, sai da ya zuba zinariya, da birnin wata sarauniya, da ƙofar dutse mai buɗe kanta. Ya kawo wani nasaran ɓarawo da bindiga, aka yi ta tsere a kan raƙuma, alhali ƙauyenmu jakai muke da su. Tsakiyar littafin ya tsaya yana ta soyayya da wata baturiya a Yamai, har maƙwabciyata ta yi gyangyaɗi. Borinmu ya mayar da shi hauka, mutane da jajayen idanu suna ihun neman jini. Mu kuwa bori da rana tsaka muke yi, da goge da ƙwarya, don mace mai ciwo ta samu sauƙi, ana yi ana dariya. Tsoho Gado ya zama mugun boka mai dafi. Gado mai ciwon gwiwa, wanda ya zauna bakin kabarin maigidana yana kuka har aka ɗaga shi. Shi kuwa Arzika ba shi da mata, ba shi da gona, ba ya jin yunwa. Na tambayi Isuhu wa ke ɗebo masa ruwa, ya ce littafin bai faɗa ba.

Babban abin yana ƙarshe. A littafi rami ya rufta, Arzika ya tura ubangidansa waje, ƙasa ta haɗiye shi da dukiyar duka, nasara ya koma gida hannu wofi yana kuka. Wato a can ƙasa ce ta rufe kanta, ba a ɗauki komai ba, ba wanda aka bari da rami. Lokacin da yake rubuta mutuwar nan mai kyau, mutumin na nan da ransa yana shuka bayan kowa. Mu in mun gama tatsuniya mukan gaya wa yara ƙarya ce, don su kwanta da hankalinsu. Littafin bai gaya wa jikokina haka ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Tseren raƙuman zai ba shi dariya, don tun da raƙumi ya cije shi a Baleyara bai ƙara matsawa kusa da shi ba. Zai ce a maimaita masa wurin tukwane. Sannan zai tambaya ina suke yanzu, kuma ko akwai mai zuba musu gumba. Isuhu ya ce mai yiwuwa suna wani gida can bayan gilashi, mutane na wucewa suna kallo. Ban san ko wannan zai kwantar masa da rai ba. Shi ma ai kallon ya je yi.

Ƙauyen ma ba shi ne wanda ya bari ba. Gado ya mutu, ɗiyansa na salla, ganga ta yi shiru, kowa na shuka sa'ad da ya ga dama. Na ji da rani samari na zuwa kufan da tsakar rana suna tono, suna sayar wa fatake abin da suka samu, ba mai hana su gona. Ba na cewa da ya fi yanzu, ba na cewa yanzu ya fi da. Na dai lura dokar ta mutu, zargin bai mutu ba.

Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gida, har da tsofaffi daga ƙauyenmu, rago na ɗaure, liman na jira. Isuhu ya leƙo ɗakina ya ce, "Tsohuwa, na ji duk abin da kika ce, amma Arzika ya fi sauƙin ɗauka." Na ce, "Na saurari littafinka daga farko har ƙarshe. Arzika bai yi aure ba, bai haihu ba. Kai jikan wa ne?" Sai ya nemi ya kuɓuce da wasan jika da kaka, ya ce, "To, in sunan kike so, zo ki faɗa wa liman da bakinki." Ya san abin da ya ce. Ya san ban taɓa ba.

Na ɗauki sandata na fita. Na tsaya bakin zaure inda mata ba su tsayawa, na faɗi sunan, da ƙarfi yadda na bayan taro zai ji. Harshena ya ji shi baƙo, ko da yake ya fi shekara hamsin yana kwana a bakina. Liman ya dubi Isuhu, Isuhu ya dubi ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Shi ne." Wani tsoho da ke gefe, autan Gado ne, ya gyara zama ya ce, "Allah shi raya. Mai sunan dai ya cike raminsa, ni na gani da idona." Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya da sunan har unguwa ta ji.

Abin da ya rage na maigidana ba shi da yawa. Malafar ta ruɓe, gonar an raba. Littafin ya riƙe tafiyarsa da tsakinsa, na gode masa a kan wannan, sauran kuma na bar wa masu son zinariya. An ce mani a kufan, gefen da ya cike ne kawai ruwa bai zaizaye ba, kuma samarin ba su tono nan, don sun san tukwanen da ke ciki wofi ne. Sai kuma sunan, wanda yanzu ke kwance cikin zane yana bin kowane motsi da ido.

Na faɗe shi sau ɗaya, ya isa. Ku masu karanta jarida ba za ku ji shi daga gare ni ba, yaron ma Maigida nake ce masa. Ramatu, ajiye alƙalamin nan ki miƙo mani shi, ga shi can ya farka.